Yadda Gwani Ya Yi wa Filinmu Aski

Mijin yayata mai aski ne, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba. Shi ya laƙaba wa kansa suna Gwani, ya sa aka rubuta masa da jan fenti a allon shago, tun ana kiransa da shi don tsokana har sunan ya bi shi. Aski kam ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ciwon kawai shi ne, a ganinsa duk abin da ke da wuƙa a jiki ƙanin kilifa ne.

Ni kuwa shekarata goma sha ɗaya ina kula da filin ƙwallon wata makaranta. Da na zo, tsakuwa ce da ƙaya a wurin. Da hannuna na dasa ciyawar nan layi-layi, na yi ta jan tiyo ina ba ta ruwa har ta rufe ƙasa ruf. Ina son filin nan, ba na ɓoyewa, kuma da shi nake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu.

Sai ƙaramin injin da nake turawa ya mutu murus. Makaranta ta samo wani na hannu a wurin wani otal da ya rufe, babba, mai kujera da sitiyari, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Kyau kam ba a magana. Amma in ka murɗa makulli sai ya yi tari uku ya yi shiru. Sati biyu muna haka, ciyawa ta kai ƙwauri, ga gasar makarantu shida ran Laraba a filinmu.

Ran Litinin shugabar makaranta ta kira ni ofis. Mace ce da ba ta ɗaga murya, abin da ya sa kowa ke tsoronta ke nan.

"Jibi da safe baƙi za su shigo," ta ce. "Idan suka tarar da filin nan haka, ka kawo mini makullan sito. Akwai kamfanin da ke ta yi mini zarya yana neman aikin."

"Ranki ya daɗe, injin ne."

"Injin ba ya karɓar albashi."

Na fita na kira bakanike, na kara masa waya a jikin injin ya ji tarin. Ya ce kafireta ce ta toshe, tsohon mai ya bushe a ciki, wanki kawai take so. Sai dai ba ya gari, sai Alhamis zai dawo. Na yi lissafin in bi filin da langalanga, na ga ko ban huta ba sai na yi kwana biyar.

Da yamma na biya gidan yayata don in rage zafi, kuskurena na farko ke nan. Gwani yana zaune yana murza gashin bakinsa, wanda yake ji da shi fiye da 'ya'yansa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Ƙanina, kafireta ce ta hana ka sakat?"

"Yaya, ka san ta ne?"

"Mene ne aikinta?"

"Ita ke haɗa mai da iska ta tura wa injin."

"To ka ji. Ni da na yi shekara ashirin ina haɗa ruwa da sabulu? Injin nan yana da wuƙa?"

"Yana da ita, a ƙasa."

"Yana rage tsawo?"

"Aikinsa ke nan."

"Kilifa ce," ya ce. "Kilifa ce mai kujera. Gobe da safe ka jira ni."

Na ce a bari dai, na gode. Yayata ta harare ni. "Kai ka cika gardama tun kana yaro. Ka bar yayanka ya duba mana. Ba shi ya gyara fankar ɗakin nan ba?"

Na ɗaga kai na dubi fankar. Tana juyawa kam, sai dai da baya take yi, duk iskar rufin ɗaki ke shan ta, mu a ƙasa muna zufa. Amma ba ni da wani bakanike, kuma jibi jibi ce.

Washegari ƙarfe bakwai sai ga shi da farar rigarsa ta aiki da jakar kayan aski. Mai gadin makaranta, wani dattijo mai kaifin harshe, ya tare shi a ƙofa.

"Wa za a yi wa aski da sassafen nan?"

"Baba, injiniya aka kira."

"To, ina injiniyan? Yana tafe a bayanka ne?"

Na ce da ni yake, a bar shi. Baba ya rufe ƙofa, ya ɗauko kujerarsa ya biyo mu har sito, ya ce wannan kallon bai kamata ya wuce shi ba.

Abu na farko da Gwani ya yi shi ne ya warware ƙyallen aski ya yafa wa injin, ya ɗaure shi ta wajen sitiyari, wai kada datti ya shiga masa wuya. Sannan ya karɓi sifanata ya durƙusa ya hau kwance salansa, wato bututun hayaƙi. Na ce masa kafireta tana ɗaya gefen. Ya ce ya sani, yana gaisawa da injin ne tukuna.

Da ya ciro ta, muka buɗe ɗan kwanon da ke ƙasanta, sai ga wani jan dauɗa mai danƙo ya kama ko'ina. Nan fa mutumin ya burge ni. Ya zuba sifirit, ya sa buroshin da yake wanke kilifa, ya bi lungu-lungu har ƙarfen ya riƙa ƙyalli. Da a nan ya tsaya, da yau wani labari nake bayarwa. Amma sai ya ɗaga 'yar ƙusar da mai ke bi ta cikinta, ya hango rana ta ramin.

"Wannan ramin ai ko gashin jariri ba zai wuce ba. Shi ya sa yake tari, yunwa yake ji."

"Yaya, haka masu injin suka yi shi."

"Su ma ai mutane ne, suna kuskure."

Ya sa tsinin almakashi ya murza, ya ƙara murzawa. Daga nan idonsa ya faɗa kan wani siririn sifirin da ke riƙe totur. Ya ce ya yi tsawo, ya fita layi. Kafin in buɗe baki na ji ƙaras, ya datse kusan rabinsa ya maƙala sauran. Da ya zo kan soson da ke tace iska sai ya barbaɗa masa hoda, ya ce babu wanda ke tashi daga hannunsa ba ƙamshi.

"Turare fa?" in ji Baba mai gadi. "Ko shi sai an gama?"

"Baba, kai dai ka zuba ido."

"Ai na zuba, ɗana. Har na tausaya masa."

Haɗin farko ya kifa 'yar robar da ke tare mai a cikin kwano, muna buɗe famfon tanki fetur ya riƙa tsiyaya har ƙarƙashin kujerar Baba. Muka goge, muka tura injin waje, ya sake kwancewa ya sake haɗawa. A karo na biyu ya cire soson iskar, ya kafa fuska a bakin kafireta, wai yana son ya ga yadda take haɗiya. Ya ce in zauna in murɗa makulli. Na murɗa. Injin ya yi wani irin atishawa, wuta ta yi tsalle ta bakin kafireta ta koma. Gwani ya faɗi zaune. Da ya ɗago, rabin gashin bakinsa na gefen dama ya tafi, sai ƙauri.

Ya zaro madubi da almakashi daga jaka, ya rage gefen hagu don ya zo daidai da na dama. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, ya ga yanzu daman ya ɗara, ya taɓa shi kaɗan. Sai hagun ya ɗara. Ni da Baba muna tsaye muna kallo, cikin minti biyar leɓen mutumin nan ya fito fili fes, karo na farko tun aurensa da yayata.

"Yanzu kam ya daidaita," in ji Baba.

Da ina da hankali, da a nan na karɓe makullin injina. Amma hankalina yana kan agogo.

Ya mai da soso, ya ture ni daga kujera ya zauna da kansa. Ya murɗa, ya murɗa, batir ya fara nishi. A wajen na ashirin injin ya kama da wani irin ruri da ya tayar da tantabaru daga rufin makaranta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, da ɗan ƙamshin hoda a ciki. Na miƙa hannu na rage totur, injin ya fara shaƙewa, na yi maza na mayar. Wato tun da aka datse sifirin nan, abu biyu kawai ya sani, ko ƙarshen gudu ko mutuwa. Na yi wa Gwani alama ya sauka in hau. Yana ɗaga mazaunai injin ya fara ɗaukewa, ya koma daɓas, injin ya dawo.

"Ka gani?" ya faɗa da ƙarfi a kunnena. "Ya san hannun da ya gyara shi."

Na san akwai wani maɓalli a ƙarƙashin kujerar da ke kashe injin in an tashi, kowa ya zauna ɗaya ne. Amma in ya mutu batir ba zai sake tayar da shi ba. Sai na cire ƙyallen askin, na saita masa wuƙa a tsawon da nake so, na nuna masa fili, na yi addu'a.

Abin mamaki, sai ga aiki yana kyau. Injin yana gudu kamar an biyo shi, Gwani yana tsalle a kujera, farar riga tana kaɗawa, amma hannun mai aski hannun mai aski ne. Layinsa a miƙe, kwanarsa a tsabtace, ko tsinke bai bari ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya filin nan ya kwanta lumui, kore shar, irin yadda ban taɓa ganinsa ba. Ɗalibai suka cika tagogi. Shugaba ta leƙo daga bene, ta gyaɗa kai sau ɗaya ta koma. Malamin wasanni ya fito da bokitin farar ƙasa zai ja layuka. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla, na ce a raina zan je in ba yayata haƙuri.

Na ɗaga hannu biyu na nuna masa an gama. Ya zo ya tsaya a gaban raga, injin yana ruri, ya juya ya dubi filin. Sai na ga ya karkata kai ya rufe ido ɗaya.

"Hagu ya ɗara dama," ya ce.

"Yaya, gangare ne. Haka aka yi filin don ruwa ya wuce."

"Babu kan da ba shi da gangare. Saisaye kawai zan yi masa."

"Ya yi haka, wallahi ya yi."

"Kowa haka yake cewa, sai ya je gida matarsa ta gani."

Ya sauke wuƙa mataki ɗaya ya fizgi injin. Na bi shi a guje, amma ina zan kamo shi? Ya share rabin hagu ya dawo gaban raga, ya karkata kai. Yanzu dama ce ta ɗara, kuma wannan karon da gaske ne, kowa yana gani. Ya sauke wani matakin ya nufi dama.

Malamin wasanni ya ajiye bokiti. "Wane ne wannan mutumin?"

"Mijin yayata ne."

"Me yake yi?"

"Yana daidaitawa."

"Ka tsayar da shi mana."

"Malam, ga ka ga shi."

Malam ya ciro usur ya shiga fili yana busawa. Gwani ya ɗaga masa hannu cikin fara'a ya kewaye shi, ya bar ɗan da'irar ciyawa daidai inda yake tsaye. Da ya dawo ya ga da'irar nan sai ransa ya ɓaci, don ba ya barin tabo a kai. Ya saito Malam. Ban san mutumin yana da gudu haka ba, duk shekarun nan yara kawai yake sawa su yi. Bokitin farar ƙasar ne bai samu tserewa ba, injin ya bi ta kansa, wani farin gajimare ya tashi ya sauka a kan Baba mai gadi, wanda ya matso da kujerarsa bakin layi don kada komai ya wuce shi.

Baba ya tofar, ya share ido. "Ni ma an yi mini hodar ke nan."

A zagaye na uku ciyawa ta daina fita kore, ta koma fari-fari, saiwa ta fara bayyana. Na sha gabansa na durƙusa na haɗa hannu biyu. Ya kauce mini da gwaninta, har ya sunkuyo ya ce kada in damu, ba sai na gode ba, ai mun zama ɗaya. Na ruga na kama bayan kujerar, injin ya ja ni a ƙasa taku goma, takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashi ya fito ta gefe a yanke gida uku. Ɗalibai suka ɗauki tafi. Wasu har suna ƙirga zagayen da ƙarfi, malamansu sun daina hana su don su ma suna taga.

Ya ga tsakiya ta fara zama yadda yake so, sai ya ce bari ya yi wa filin gyaran fuska. Ya bi gefe-gefe yana fitar da layi. Furannin da ke gaban ofis suka shiga layin. Tiyona mai tsawon taku hamsin ya shiga layin. Ragar gola ta yamma ta zubo ƙasa kaɗan, ita ma ya ga ta fita layi, wuƙa ta kama bakinta ta warware ta tun daga sama, ya ci gaba da tafiya tana binsa a baya kamar jela.

Malamin wasanni, daga bayan sandar gola, ya ce in rufe famfon mai. Shawara ce mai kyau, sai dai famfon yana jikin injin, injin kuma ba ya tsayawa. Muka yi masa ƙawanya mu uku, ni da Malam da mai share azuzuwa da tsintsiyarta. Gwani ya ɗauka taya shi muke yi, muna nuna masa inda ya rage. Duk inda ɗayanmu ya tsaya, nan yake zuwa ya ƙara taɓawa.

Sai ya sauke wuƙa mataki na ƙarshe. Daga nan ba ciyawa injin ke yanka ba, ƙasa yake nema. Ƙura ta haɗu da hayaƙi, tsakuwar da na binne shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta riƙa fitowa tana harbin kwanon rufi. Aka rufe tagogi. Na daina gudu, na zauna a ƙasa da takalmi ɗaya ina kallo.

Ramin man da ya faɗaɗa da almakashi ne ya cece mu a ƙarshe, in ceto ne. Injin da ya kamata tanki ya kai shi yamma ya shanye mansa kafin ƙarfe ɗaya. Ya yi tari uku ya mutu a tsakiyar fili. Da ƙura ta lafa, sai ga filina jajir, ƙwal-kwabo daga raga zuwa raga, in ban da wani siririn layin ciyawa da ya rage a tsakiya kamar zanko.

A daidai lokacin Shugaba ta sauko, tare da mutum biyu daga kwamitin gasar da suka zo duba fili. Ɗayansu ya dubi takardar hannunsa, ya dubi filin, ya tambaya ko akwai wani filin a baya.

Gwani ya sauko yana kaɗe riga. Ya buɗe jaka, don sabo, ya zaro madubi ya miƙa wa Shugaba. Da ya ga ba ta karɓa ba sai ya mayar.

"Ranki ya daɗe, mai ne ya ƙare. A ba ni lita ɗaya in ɗauke wancan na tsakiyar."

"Kai ne wa?"

"Gwani. Ni na gyara kafiretar. Kin dai ji yadda take aiki."

"Na ji. Ina ciyawata?"

"Za ta fito. Sati biyu, kuma sai ta fi da cika."

"Gobe ne gasar."

"To, a sa masa hula mana. Ba ku da tamfol?"

Ɗan kwamitin ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Baba mai gadi, fari fat kamar an tono shi, ya ce shi dai a shekarunsa bai taɓa ganin fili mai tsabta haka ba. Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta miƙo tafin hannu. Na ciro makullan sito na ɗora mata. Na so in ce wani abu game da shekara goma sha ɗaya, amma gaskiya ni na buɗe wa mutumin ƙofa. Aka mai da gasar wata makaranta, kamfanin nan ya karɓi filin.

Sati uku ina zaune a gida. Yayata ta yi ta kuka, ta hana mijinta sakat, har wata safiya ya zo da kansa ya ce shi ba ya barin nasa a wulaƙance, in zo shago, dama yana neman mai hannu. Na so in ƙi. Na dubi yaran, na sa takalmi.

Yanzu ni ke share gashi a shagon Gwani, ni ke wanke tawul. Gashin bakinsa ya dawo, bakin ma ya dawo. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya ji labarin injin da ya gagari bakanike, yadda shi ya tayar da shi da almakashi kawai, yadda ya gama aikin kwana biyar kafin azahar, ɗalibai suna tafi, har shugabar makaranta ta sauko da manyan baƙi don su ga wanda ya yi. In wanda ake yi wa askin ya nuna shakka, sai ya nuno ni da kilifa.

"Ga ƙanina nan, a gabansa aka yi. Ko ba haka aka yi ba?"

Nakan dubi tsintsiyar hannuna, in tuna bakuna biyar da ke jirana a gida.

"Haka aka yi, Yaya," nake cewa. "Ɗaga ƙafarka in share."